Naitiraid: yadda iskar da ba ta son haɗuwa da komai take zama tangaran mai yanka ƙarfe

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, amma tana shiga huhu ta fito yadda ta shiga, ba ta ƙona komai, ba ta sa ƙarfe tsatsa. Dalili shi ne ƙwayoyin zarrarta suna tafiya bibbiyu ne, a ɗaure da ɗauri mai igiya uku wanda yake cikin mafi ƙarfi da aka sani a ilimin sinadarai, domin raba su yana cin makamashi har kilojul 945 a kowane mol, wato ma'aunin da masana sinadarai ke ƙidaya ƙwayoyi da shi. Shi ya sa kusan duk dutsen da ke doron ƙasa, da yashi, da yumɓun da ake gina tukunya da shi, haɗi ne na oksijin da wasu sinadarai, naitirojin kuwa ta tsaya a sama. Tangaran ɗin da ake kira naitiraid, wato wanda naitirojin ta hau gurbin oksijin a cikinsa, sai dai a yi shi a tanderu. Ɗan silikon naitiraid da aka samu ba na hannun mutum ba, an tsinto shi ne a cikin duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya a shekarun 1990, ƙanana ƙwarai, aka raɗa masa suna don girmama masanin Amurka Alfred Nier.

Tun a 1857 Henri Sainte-Claire Deville na Faransa da Friedrich Wöhler na Jamus suka ba da rahoton haɗa silikon da naitirojin, kuma a 1910 Weiss da Engelhardt suka gasa garin silikon a cikin tsantsar naitirojin suka sami silikon naitiraid, abin da ake rubutawa Si3N4, zarrar silikon uku a kan ta naitirojin huɗu. Daga nan abin ya kwanta kusan shekara arba'in ba wanda ya waiwaye shi sosai, sai a shekarun 1950 da masu ƙera injin jirgin sama da tanderun narka ƙarfe suka shiga neman abin da zai jure zafin da ƙarfe ba ya iya jurewa.

Kafin a yi maganar yadda ake haɗa shi, ya kamata a san yadda zarrar ta jeru a cikinsa, domin duk halinsa, mai kyau da mai wahalarwa, daga nan ya taso. Kowace zarrar silikon tana zaune ne a tsakiyar zarrar naitirojin huɗu, waɗanda suka kewaye ta a siffar ƙaramar dala mai fuska huɗu, tazarar da ke tsakaninsu kuwa kusan nanomita 0.174 ce, nanomita ɗaya kuma kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kowace naitirojin kuma tana riƙe da silikon uku, kusan a shimfiɗe wuri ɗaya, ma'ana kowace kusurwar dala mallakin dala uku ce a lokaci guda. A cikin yashi kuwa, inda oksijin ce a kusurwa, dala biyu kaɗai suke tarayya a kanta, don haka ginin yana da sassauci, yana iya lanƙwasawa ya narke ya zama gilashi. Ƙarin riƙo ɗaya ɗin nan da naitirojin take da shi ya ɗaure ginin ta kowace fuska, ga shi kuma yawancin ɗaurin na tarayyar ilaktoron ne, irin wanda ba ya yarda a karkata shi. Sakamakon haka abin yana da tauri, nauyinsa giram 3.2 ne a kowane dunƙule mai santimita ɗaya a tsayi da faɗi da kauri alhali na ƙarfe yana kaiwa 7.8, kumburinsa idan ya ji wuta kusan rubu'in na ƙarfe ne, kuma ba ya narkewa a matsin iska na yau da kullum. Idan zafi ya kai wajen digiri 1,850 zuwa 1,900 a ma'aunin Salshiyas, sai dai ya watse, naitirojin ta koma iska ta bar silikon.

Dalolin nan suna iya jeruwa ta hanya biyu, kuma a 1957 Hardie da Jack a Ingila suka bayyana su ta hanyar haska garin da hasken eksire da karanta yadda hasken ya tarwatse. A sigar da ake kira beta, dalolin sun yi zobba a shimfiɗa biyu da ke maimaituwa, ɗaya bisa ɗaya, ta yadda ramin tsakiyar kowane zobe ya dace da na ƙarƙashinsa, sai aka sami dogayen kafofi da suka ratsa kiristal ɗin daga sama har ƙasa. Ƙaramin ɗakin da ke maimaituwa a wannan siga yana ɗauke da zarra 14, faɗinsa nanomita 0.76, tsayinsa 0.29. A sigar alfa kuwa shimfiɗa huɗu ce ke maimaituwa, biyun sama kamar an juya biyun ƙasa ne a madubi aka ɗan zame su, don haka tsayin ɗakin ya kusa ninkawa ya kai 0.56, zarrar cikinsa ta zama 28, kafofin nan kuma suka toshe suka koma rufaffun guraba, biyu a kowane ɗaki. An daɗe ana jayayya a kan alfa. Jack da abokan aikinsa sun tafi a kan cewa ba tsantsar naitiraid ba ce, sai da ɗan oksijin take tsayuwa, har aka zo aka shuka kiristal ɗin alfa mai tsabta daga tururi a shekarun 1970 aka nuna tana tsayuwa da kanta. Jayayyar ba ta tafi a banza ba, domin ita ta sa masu bincike suka fara auna oksijin da ke cikin garinsu da idon basira.

Bambancin sigogin biyu yana da tasiri a aikace. Alfa ta fi tauri kaɗan, kuma ƙwayoyinta kusan a dunƙule suke girma. Beta ta fi girma ta wajen tsayi, a kan layin kafofin nan, sai ta fito kamar sanduna masu gefe shida. Alfa tana komawa beta idan zafi ya haura digiri 1,400 kuma akwai ruwan narkakken abu a kusa, amma beta ba ta dawowa alfa, domin sauyin yana buƙatar a kwance ɗauri a sake ɗaurawa gaba ɗaya.

Akwai siga ta uku, gamma, wadda Andreas Zerr da Ralf Riedel da abokan aikinsu a Jamus suka sanar a 1999. Sun matse abin ne tsakanin lu'ulu'u biyu har matsin ya haura gigafaskal 15, wato kusan ninki 150,000 na matsin iskar da ke kanmu, suka kuma zafafa shi da hasken leza ya wuce digiri 1,700. A nan biyu cikin uku na silikon sun sami naitirojin shida a kewaye da su maimakon huɗu, ginin ya ƙara cushewa, taurinsa ya kai wajen gigafaskal 35. Har yau wannan siga ta ɗakin bincike ce, amma ta nuna cewa matsi kaɗai yana iya canja adadin maƙwabtan zarra.

Garin da ake fara aiki da shi ana samun sa ta manyan hanyoyi uku. Mafi daɗewa ita ce a niƙa silikon ya yi laushi a gasa shi a cikin naitirojin tsakanin digiri 1,200 da 1,400. A baki abu ne mai sauƙi, amma haɗuwar tana fitar da zafi mai yawa da kanta, silikon kuma yana narkewa a digiri 1,414, saboda haka idan mai kula da tanderu ya yi gaggawa, garin zai narke ya dunƙule, iskar ta kasa ratsa shi, a tashi da ɗanyen silikon a ciki. Dole a riƙa ɗaga zafin a hankali, wani lokaci kwana da kwanaki, ana rage iskar idan wutar ta so ta ƙwace. Wannan hanya tana da wata baiwa da ta ba ni sha'awa ƙwarai: ana iya sassaƙa garin silikon da aka matse ya zama siffar da ake so tun kafin a gasa, sannan a shigar da shi tanderu, nauyinsa ya ƙaru da kusan kashi 66 cikin ɗari saboda naitirojin da ya sha, amma girmansa bai canja ba, domin sabon abin yana girma ne a cikin guraben da ke tsakanin ƙwayoyin. Illarta ita ce guraben ba sa cika duka, ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar fanko, ƙarfin ya ragu.

Hanya ta biyu ta fi arha wajen kayan haɗi, domin garin yashi mai tsabta ake cakuɗawa da kabon a gasa a cikin naitirojin a wajen digiri 1,400 zuwa 1,450, kabon ya janye oksijin ya fita da ita a matsayin iska, naitirojin ta maye gurbin. Tazarar da aka ba mai aiki ƙunci gare ta, domin idan zafin ya ɗan haura sai silikon ya fi son kabon, a sami silikon kabaid a madadin abin da ake nema. Masu bincike a ƙasashe da dama sun gwada ɓuntun shinkafa a wannan hanya, saboda yana ɗauke da sinadarin yashi da kabon a cakuɗe tun daga gona, kuma duk wanda ya ga tulin ɓuntu a bayan injinan casar shinkafa na Kano ko Kabi ya san ba kayan haɗin ne za su yi ƙaranci ba. Abin da ke da wuya shi ne tsabtacewa da riƙe zafin tanderu daidai.

Hanya ta uku ita ce ta masu neman gari mafi kyau, kuma kamfanin Ube na Japan ya yi suna a kanta. Ana haɗa ruwan silikon mai kulorin huɗu da amoniya a cikin sanyi, a sami wani farin abu da silikon da naitirojin suka riga suka ɗauru a cikinsa, a wanke gishirin da ya biyo shi, a gasa a wajen digiri 1,000 ya zama gari marar tsarin kiristal, sannan a ƙara zafi ya jeru. Garin da ke fitowa ƙwayoyinsa ba su kai maikuromita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan na mita, fiye da kashi 95 cikin ɗari alfa ne, kuma ba a niƙa shi da ƙarfe ba balle ya ɗebi datti. Ya fi tsada, amma a ganina tsadar tana biyan kanta a duk inda tsagewa ɗaya za ta jawo asarar inji.

Samun gari rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a mai da shi dunƙulallen abu marar gurbi, kuma a nan ne ƙarfin ɗaurin da aka yaba ya zama matsala. Garin tangaran yana haɗewa ne idan zarra ta riƙa ƙaura daga ƙwaya zuwa ƙwaya tana cike guraba, amma a silikon naitiraid zarrar ba ta motsi sai zafi ya kusa kai inda abin yake watsewa. A 1961 Deeley da Herbert da Moore a Ingila suka nuna cewa idan aka zuba ɗan magnisiyam oksaid, wato haɗin magnisiyam da oksijin, aka matse garin yana cikin wuta, yana haɗewa sarai. Daga baya aka gane dalili. Kowace ƙwayar gari tana da siririyar fatar silikon oksaid a bayanta, wadda iska ta yi mata, kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na nauyin garin oksijin ce. Abin da aka zuba, ko magnisiyam oksaid, ko na itiriyam da alminiyam da aka fi amfani da su yanzu kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, yana haɗuwa da fatar nan su narke tare a wajen digiri 1,700 zuwa 1,800. Ruwan ya jiƙa ƙwayoyin ya jawo su kusa da juna, alfa ta narke a cikinsa, ta sake fitowa a matsayin beta. Don a hana abin watsewa, akan cika tanderun da naitirojin mai matsi ninki goma zuwa ɗari na iskar waje, dabarar da Mamoru Mitomo ya nuna a Japan a tsakiyar shekarun 1970.

Wannan ne ya sa ake son garin farko ya zama alfa ko da yake beta ake nema a ƙarshe. Betar da ta tsiro daga cikin ruwa tana miƙewa ta yi dogayen sanduna da suka sarƙe da juna ta kowace fuska, kuma aikinsu ɗaya ne da na ciyawar da magina ke cuɗawa a cikin ƙasar gini: idan tsaga ta taso, sai ta tarar da sanda a gicciye, ko ta kewaye ta, ko ta yi ta jan ta har ƙarfinta ya ƙare. Juriyar tsagewarsa ta kusa ninka ta alminiyam oksaid, wanda shi ne tangaran ɗin masana'antu da aka fi sani. Sai dai idan aka bar sandunan suka yi ƙiba fiye da kima, su kansu sukan zama mafarin tsaga, saboda haka tsawon lokacin gashi yana da iyaka.

Ruwan nan ba ya ɓacewa bayan an huce. Yana daskarewa ya zama gilashi a kusurwoyin da ƙwaya uku suka haɗu, da kuma wani siririn shafe tsakanin kowace ƙwaya biyu, kaurinsa nanomita ɗaya zuwa biyu. David Clarke ya yi bayani a 1987 cewa wannan kauri ba ragowar da matsi ya kasa fitarwa ba ne, daidaito ne tsakanin ƙarfin da ke jawo ƙwayoyin da wanda ke ture su, shi ya sa yake zama ɗaya a ko'ina cikin abin, kuma yana canjawa ne kawai idan aka canja sinadarin da aka zuba. A nan nake ganin zuciyar lamarin take. Shafen da bai wuce zarra biyar ko shida a kauri ba shi ne yake yanke hukunci a kan ko tsaga za ta kewaye sanda ko ta ratsa ta, kuma shi ne yake fara laushi idan zafi ya haura digiri 1,000, ƙwayoyin su fara zamewa a kan juna alhali su kansu ba abin da ya same su. A 1971 hukumar binciken tsaro ta Amurka ta ba Ford da Westinghouse kwangilar dala miliyan 17 don ƙera injin tabain, wato injin da iska mai zafi ke juya fankarsa, da tangaran, kuma mafarkin injin mota da zai yi aiki ba tare da ruwan sanyaya ba ya ci kuɗi mai yawa a Amurka da Jamus da Japan, amma bai kai kasuwa ba, saboda laushin gilashin nan da saurin fashewa da tsadar gogewa da lu'ulu'u. Inda abin ya yi nasara ya fi ƙanƙanta amma ya ɗore: fankar turbo mai tura wa inji ƙarin iska da Nissan ta sa a motarta a 1985, fulogin ɗumama injin dizal, bakin yankan zubabben ƙarfe, da ƙwallayen boris, har da waɗanda aka sa a famfunan injin kumbon Amurka a tsakiyar shekarun 1990.

Wasu sun nemi su shigar da abin da aka zuba cikin kiristal ɗin kansa don gilashin ya ragu. A farkon shekarun 1970 Oyama da Kamigaito a Japan, da Jack da Wilson a Newcastle ta Ingila, kowane ɓangare da kansa, suka gano cewa alminiyam tana iya hawa gurbin silikon muddin oksijin ta hau gurbin naitirojin a lokaci guda don cajin ya daidaita, kuma tsarin beta yana ɗaukar wannan musaya har kusan kashi biyu cikin uku na silikon ba tare da ya rushe ba. Wannan dangi shi ake kira sayalon. A sigar alfa, rufaffun guraben nan biyu suna karɓar baƙuwar zarra kamar kalsiyam ko itiriyam, wadda ke tokare ginin ta hana shi komawa beta. Amfanin da ba wanda ya yi tsammani ya zo ne bayan shekara talatin, lokacin da aka sa ɗan wani ƙarfe mai suna yurofiyam a cikin kafofin sayalon na sigar beta, Naoto Hirosaki da abokan aikinsa a Tsukuba ta Japan suka nuna a 2005 cewa yana mai da shuɗin haske kore mai tsabta. Da shi da wani naitiraid na kalsiyam da alminiyam da silikon mai ba da jan haske ake gyara launin fitilun zamani da na bayan allon talabijin, shuɗin hasken kuma daga galiyam naitiraid yake fitowa, wanda ya kai Akasaki da Amano da Nakamura ga kyautar Nobel a 2014.

Sauran dangin suna tabbatar da cewa jerin zarra ya fi sunan sinadari tasiri. Boron naitiraid, wanda Balmain ya fara haɗawa a 1842, yana jeruwa a faifai-faifai masu zobba shida-shida kamar baƙin da ke cikin fensir, faifan suna zamewa a kan juna, don haka fari ne mai santsi da ake sa wa a hodar kwalliya da man shafa wa inji. A 1957 Robert Wentorf na General Electric ya matse shi a zafi mai tsanani ya koma jeri irin na lu'ulu'u, ya zama na biyu a tauri cikin abubuwan da masana'antu ke amfani da su, kuma ya fi lu'ulu'u dacewa da yankan ƙarfe, domin kabon ɗin lu'ulu'u yana narkewa ya shige cikin ƙarfe mai zafi. Taitaniyam naitiraid kuwa jerin gishirin miya gare shi, kowace zarra da maƙwabta shida, yana ɗaukar lantarki kamar ƙarfe, kuma shi ne shafe mai launin zinariya da ake gani a bakin na'urar huda ƙarfe.

Alminiyam naitiraid ya dawo da mu kan oksijin. Kowace zarrarsa tana da maƙwabta huɗu a jeri mai gefe shida, zarrar marasa nauyi ne, ɗaurin kuma mai ƙarfi, saboda haka girgizar da ke ɗaukar zafi tana ratsa shi da sauri alhali lantarki ba ya wucewa. Glen Slack ya ƙiyasta a 1973 cewa tsantsarsa zai kai wat 320 a kowace mita a kowane digiri wajen tafiyar da zafi, ya zarce ƙarfen alminiyam kansa, amma na farko da aka gasa bai kai ko kusa ba. Duk oksijin uku da suka shiga gurbin naitirojin suna tilasta wa gurbin alminiyam ɗaya ya zauna fanko, kowane fanko kuma yana tarwatsa girgizar. Itiriyam oksaid da ake zubawa yana aiki biyu a nan, yana ba da ruwan haɗewa, yana kuma tsotse oksijin daga cikin ƙwayoyin ya tara ta a kusurwoyi, da haka aka kai na kasuwa wat 170 zuwa sama da 200. Garin nasa ma ba ya son danshi, domin ruwa yana cin sa ya fitar da warin amoniya, dole a adana shi a rufe. Irin wannan lissafi aka mayar kan silikon naitiraid, wanda aka daɗe ana ɗauka ba ya tafiyar da zafi sosai, har You Zhou da Kiyoshi Hirao da abokan aikinsu a Japan suka fara daga garin silikon mai ƙarancin oksijin, suka gasa shi tsawon sa'o'i da yawa suka bar shi ya huce a hankali, suka kai wat 177 a 2011. Na kasuwa yana wajen 90 ne, amma da yake ya fi alminiyam naitiraid jure tsagewa nesa ba kusa ba, ana iya yin farantinsa siriri, kusan sulusin milimita, a manna masa tagulla mai kauri a fuska biyu, kuma irin wannan faranti ne masu ƙera motocin lantarki suke ɗora na'urorin juya wutar batir a kansa, inda zafi ke hawa yana sauka duk lokacin da direba ya taka totur ko birki.